Takarda, bidiyo da agogo: hanyar da na bi na koyi karanta wasa

Koci yakan bar fili da cikakken labari a kansa: yaran sun yi sanyi bayan hutun rabin lokaci, 'yan tsakiya ba su taimaki 'yan baya ba, lamba tara ya ɓarar da damar da ba a ɓararwa. Labarin yana da daɗin faɗa, kuma a kansa ake gina atisayen mako mai zuwa. Sai dai sau da yawa ba abin da ya faru ke nan ba. Tun 1986 wasu masu bincike biyu a Kanada, Ian Franks da Gary Miller, suka sa masu koyon aikin koci suka kalli wasa, daga baya suka tambaye su muhimman abubuwan da suka wakana. Abin da suka tuna daidai bai kai rabi ba. Mutum 22 ne ke motsi lokaci ɗaya a fili mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, ido kuwa ƙwallo yake bi, zuciya kuma abin da ya tayar da ita kawai take riƙewa: ƙwallon da aka ci, katin da aka bayar, ɓarar da aka yi a minti na ƙarshe.

Kwasa-kwasan lasisi, daga D zuwa C, B, A har Pro a tsarin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, suna ba mutum ƙa'idoji da tsarin shirya atisaye. Karanta wasa kuwa aiki ne da ake yi a gida, mako bayan mako, babu mai ba ka takardar shaida a kai. Hanyar da na bi ba ta buƙatar abin da ya wuce waya mai kyamara, littafin rubutu, agogon ƙirga daƙiƙa, da mutum ɗaya da ba ya jin nauyin musa maka.

Abu na farko da nake yi, kafin in taɓa bidiyo, shi ne in zauna cikin awa ɗaya da tashi daga wasa in rubuta jimla biyar kan abin da na yi imani ya faru. A ina muka fi rasa ƙwallo, wa ya fi kowa kyau, wa ya gaza, ta wane gefe aka fi shigo mana, me ya jawo sakamakon. Ina rufe shafin, ba na gyara ko harafi. Bayan na gama nazarin bidiyo sai in dawo in sa alama a gaban kowace jimla: ta tabbata, ta tabbata rabi, ko bidiyo ya ƙaryata ta. Wannan shafin shi ne ma'aunin ci gaban koci, domin shi kaɗai ke nuna ko idonka na wasa kai tsaye yana ƙara kaifi. Bayan 'yan watanni kuma yakan fallasa inda idon ya karkata. Akwai kocin da kullum laifi a wajen 'yan baya yake gani, akwai wanda ɗan wasa ɗaya ne ba ya taɓa yin daidai a wurinsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma kimar tasa ce ake son a riƙa gwadawa da mudun har su kusanci juna.

Ɗaukar bidiyon kansa yana da ƙa'ida, kuma a nan aiki yake fara lalacewa. Kyamara ta tsaya daidai layin tsakiya, a wuri mai tudu, mita huɗu zuwa biyar sama da fili in da hali, rana a bayan mai ɗauka. Waya a kwance, a kan sanda mai ƙafa uku, ba a hannu ba. Kada a zuƙo hoto. Abin da nake gaya wa mai ɗauka shi ne: a kowane lokaci ina son ganin ɗan bayanmu na ƙarshe da ɗan gabanmu na farko a hoto ɗaya, ko da ƙwallon ta zama ƙarama kamar ɗigo. Idan aka ba mai son ƙwallo kyamara ba tare da wannan umarni ba, zai bi ƙwallon kamar yadda talabijin ke yi, ka samu hoto mai kyau wanda ba ya nuna layin baya, ba ya nuna tazarar da ke tsakanin layuka, wato ba ya nuna komai daga abin da koci ke nema. Kada a tsayar da ɗauka idan ƙwallo ta fita ko an ji rauni, domin agogon bidiyo ya yi daidai da agogon wasa. A duba batir da wurin ajiya tun kafin a take, minti 45 biyu da ƙarin lokaci suna cin wuri sosai.

Harshen da ake rubuta wasa da shi

Mataki mafi wuya a gare ni shi ne sauya yadda ake bayyana abin da aka gani. Na haramta wa littafina jimloli irin su "ba su da zuciya", "sun yi sanyi", "babu kishi", "hankalinsa ba ya wurin". Ba don ƙarya ba ne lallai, sai don babu hanyar da wani zai kalli bidiyo ya tabbatar da su, kuma babu atisayen da za a shirya ranar Talata don gyara "sanyi". Duk abin da zan rubuta dole ya amsa tambayoyin nan: wane ne, a ina, a wane minti, me ya yi, me ya biyo baya. Idan aikin bai yi kyau ba kuma, sai in nemi inda ya karkace cikin abubuwa huɗu: wurin da ya tsaya, lokacin da ya tashi, inda ya nufa, ko saurin da ya yi.

Ga yadda layi ɗaya yake kasancewa a littafin. A da za a rubuta: "Lamba shida ya yi sakaci, ya ba su ƙwallo." Yanzu kuwa: "Minti 63. Lamba biyu yana da ƙwallo a gefen dama, kimanin mita 10 kafin layin tsakiya. Lamba shida ya zo karɓa yana fuskantar ragarmu, bai waiga ba ko sau ɗaya tun da ƙwallon ta bar hannun gola. Lamba gomansu yana mita uku a bayansa, ya riga ya taso. Fasin ya zo ƙafar dama, wadda ita ce kusa da mai matsin. An ƙwace. Daƙiƙa bakwai bayan haka an buga mana daga cikin yadi na 18." Rubutu na biyun ya fi tsawo, amma duba abin da ya fitar. Akwai rashin waiwaye daga lamba shida. Akwai zaɓin ƙafar da lamba biyu ya aika wa ƙwallon. Akwai tambayar ko lamba huɗu, wanda yake ganin komai daga baya, ya yi magana ko ya yi shiru. Mutum uku ke cikin kuskuren da aka jingina wa mutum ɗaya.

Tazara ba a ƙiyasta ta da ka, domin filin da kansa yana ɗauke da ma'auni. Yadi na 18 zurfinsa mita 16.5 ne, faɗinsa ya ɗan haura mita 40. Ƙaramin akwatin gola mita 5.5. Wurin bugun fenareti mita 11 daga layin raga. Daga tsakiyar fili zuwa bakin da'ira mita 9.15. A fili mai tsawon mita 105, daga bakin yadi na 18 zuwa layin tsakiya mita 36 ne. Da waɗannan kaɗai za ka tsayar da hoto ka faɗi tazarar 'yan wasa biyu ba tare da kuskuren da ya wuce mita ɗaya ko biyu ba. Idan filinku bai kai wannan girman ba, ɗauki tef ka auna shi sau ɗaya ka rubuta a bangon littafin.

Lokaci ma haka. Waya takan ɗauki hoto 30 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka hoto 15 rabin daƙiƙa ne. Ɗan wasan da ke gudun kilomita 25 a awa yana cin kusan mita bakwai a daƙiƙa. Ke nan jinkirin rabin daƙiƙa wajen sakin fasin ya ba mai tare hanya mita uku da rabi kyauta. Ranar da koci ya fara lissafi da wannan, zai daina cewa "fasin bai yi kyau ba", ya fara ganin cewa fasin lafiyarsa ƙalau, taɓawa ɗaya ce ta yi yawa kafin a sake shi.

Na raba filin a takarda gida 15: uku a tsawo, wato ɓangarenmu, tsakiya da ɓangarensu, biyar a faɗi, wato gefe biyu, tsakiya, da lungu biyun da ke tsakanin gefe da tsakiya. Wasan kuma na raba shi hali huɗu: muna da ƙwallo, mun rasa ta yanzu, suna da ita, mun ƙwace ta yanzu. Bugun kwana, firikik da jifa suna da shafinsu daban.

Kallo uku nake yi wa kowane wasa, kowanne da aikinsa. A na farko ba na neman komai sai wuraren da muka rasa ƙwallo: minti, gida, wanda ya bayar, wanda aka nufa, da abin da ya faru cikin daƙiƙa goma bayan haka. A na biyu ina kallon mu ba tare da ƙwallo ba. Duk lokacin da ɗan bayansu ya karɓi ƙwallo cikin natsuwa, sai in tsayar da hoto in auna daga ɗan bayanmu na ƙarshe zuwa ɗan gabanmu na farko. Arrigo Sacchi, wanda AC Milan ɗinsa ta ci kofin Turai a 1989 da 1990, mita 25 yake nema tsakanin layin baya da na gaba. Ba dole ne ƙungiyarka ta kai haka ba, amma idan ma'aunin ya nuna mita 45 ko 50 tun daga minti na 60, ka samo dalilin da 'yan tsakiyarka suka "yi sanyi": filin da aka bar musu ya fi ƙarfin mutum uku. Kallo na uku shi ne mai gajiyarwa. Ana kau da ido daga ƙwallo gaba ɗaya, a bi 'yan wasan da ke nesa da ita, musamman ɗan gefen da ke can ɗaya ɓangaren da 'yan bayan da suka rage lokacin da muke kai kora. Yawancin ƙwallayen da ake ci mu da harin gaggawa a nan ake haifar su, tun muna murnar kai hari.

Ga ƙwallon da aka ci mu, ƙa'idata ita ce in koma baya har zuwa lokacin ƙarshe da ƙwallon take hannunmu, in fara kallo daga can. Wanda aka yanke a ƙarshe shi kowa ke gani, shi kuma ya fi kowa ƙarancin zaɓi.

Sai gwajin da mutane da yawa ke tsallakewa. Ina ba mataimakina minti 15 na wasan da ma'anonin da na rubuta, ya cika takardarsa ba tare da ya ga tawa ba, sannan mu gwama. Idan cikin abubuwa goma ba mu dace a takwas ba, matsalar ba ta idonsa ba ce, ma'anar ce ba ta fito ba. A ce mun rubuta "fasin ƙarƙashin matsi". Mene ne matsi? Sai mun yarda cewa abokin hamayya ne a cikin mita biyu kuma yana matsowa, sannan lissafinmu zai zo ɗaya. Haka "doguwar ƙwallo": daga mita nawa? "Dama": wace iri? Ana rubuta ma'anonin a shafi ɗaya, ba a canza su a tsakiyar kaka, in ba haka ba lissafin watan farko ba zai gwamu da na watan biyar ba.

Inda lamba take yaudara

Da zarar takarda ta fara cika da lambobi, sabon haɗari ya shigo, kuma tarihin wasan yana da babban misalinsa. Charles Reep, akanta a rundunar sojin saman Birtaniya, ya fara rubuta wasanni fasin bayan fasin a 1950. A 1968 shi da Bernard Benjamin suka wallafa sakamakon: kusan takwas cikin ƙwallaye goma suna zuwa ne daga fasin uku ko ƙasa da haka. Reep ya yanke hukuncin cewa a riƙa cilla ƙwallo gaba da wuri, kuma wannan tunani ya daɗe yana tasiri a Ingila. Lissafinsa daidai ne, hukuncin ne ya karkace. A takardunsa kusan tara cikin goma na duk riƙon ƙwallo ma ba sa wuce fasin uku. Abin da ya fi yawa a wasa dole shi zai fi haifar da ƙwallaye. Tambayar da ta kamata ita ce: cikin kowane gajeren riƙo ɗari, nawa ne ya kai ga bugu, cikin kowane dogon riƙo ɗari kuma nawa? Da Mike Hughes da Ian Franks suka sake lissafin ta wannan hanya a 2005, da wasannin kofin duniya na 1990 da 1994, sai hoton ya canza, dogon riƙo ya fi haifar da bugu a kowane riƙo.

Saboda haka ba na rubuta lamba ita kaɗai, sai da abin da aka raba ta da shi. "Mun rasa ƙwallo sau 12 a ɓangarenmu" ba ya faɗin komai sai an san sau nawa muka yi ƙoƙarin fitowa da ita daga baya. Sau 12 cikin 20 bala'i ne, sau 12 cikin 60 wani zance ne daban. Haka ɗan wasan da kashi 95 cikin ɗari na fasinsa ke isa: je ka duba ina yake aika su. In duk baya da gefe ne, lambar tana yabon mutumin da ke gudun ɗaukar nauyi. Riƙon ƙwallo kansa ba ya cin wasa. A kofin duniya na 2018 Sifaniya ta yi fasin sama da dubu a karawarta da Rasha a Mosko, aka tashi 1 da 1, aka fitar da ita a bugun fenareti. Leicester kuma ta ci gasar Ingila a kakar 2015 zuwa 2016 tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin riƙe ƙwallo.

Sakamako ma haka yake. Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cika cin fiye da ƙwallo biyu zuwa uku a wasa ba, don haka bugu ɗaya da ya daki turke yana iya juya labarin mako guda. Manyan ƙungiyoyi suna auna ingancin dama da abin da ake kira xG, wato yiwuwar bugu daga wuri kaza, a yanayi kaza, ya shiga raga. A wannan ma'auni fenareti yana shiga kusan sau uku cikin huɗu, bugu daga wajen yadi na 18 kuwa yawanci bai kai ɗaya cikin ashirin ba, bugun kwana ma da wuya ya haifar da ƙwallo fiye da haka, duk ihun da 'yan kallo ke yi idan an same shi. Wanda ba shi da manhaja yana iya yin nasa da hannu. Ni aji uku na yi. Aji na ɗaya: bugu daga cikin yadi na 18, a tsakiya, babu ɗan baya tsakanin mai bugu da gola. Aji na biyu: daga cikin yadin, amma daga kusurwa mai matsi, ko da ka, ko da jiki a gaba. Aji na uku: duk abin da ya fito daga waje. Wasan da muka ci 1 da 0 alhali abokan hamayya sun samu dama huɗu 'yan aji na ɗaya a kanmu, wasa ne da ke buƙatar gyara, ko da an kwana ana murna. Wanda muka sha kashi bayan mun samar da irin waɗannan damar abokan hamayya ba su samu ko ɗaya ba, ba na rushe tsari saboda shi.

Daga takarda zuwa fili

Daga duk abin da nazari ya fitar, matsala ɗaya nake ɗauka a mako, biyu in ya yi yawa, kuma wadda ta fi maimaituwa, ba wadda ta fi ɓata mini rai ba. Kafin in shirya atisaye sai na gano a wane mataki aikin yake karyewa. Ɗan wasan bai ga abin ba ne? Ya gani ya zaɓi abin da bai dace ba? Ya zaɓi daidai ƙafa ta ƙi? Ko kuwa shi da abokinsa ba su fahimci juna ba? Kowanne maganinsa daban. Babban ɓarnar lokaci a atisaye ita ce a ga fasin ya lalace a wasa, a jera yara biyu-biyu suna miƙa wa juna ƙwallo babu abokin hamayya, alhali matsalar ta gani ce. Geir Jordet, malamin kimiyyar wasanni a Norway, ya daɗe yana ƙirga waiwayen 'yan wasa a daƙiƙa goman da ke gaban karɓar ƙwallo, ya kuma nuna cewa masu yawan waiwaye sun fi isar da fasinsu. Wannan abu ne da ake iya ƙirgawa a bidiyon waya: zaɓi ɗan tsakiya ɗaya, duk karɓar da ya yi, ƙirga sau nawa kansa ya juya daga ƙwallo.

Mu ɗauki matsalar lamba shida ta ɗazu. Atisayen dole ya ƙunshi abin da ya haifar da ita a wasa: fitowa daga baya, mai matsi daga bayansa, raga ta gaske da za a ci mu idan an ƙwace. Nakan ɗauki fili mai tsawon mita 50 da faɗin mita 60 daga ragarmu. Gola da 'yan wasa bakwai, wato 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya uku, suna fuskantar masu matsi shida. Kowane zagaye daga gola yake farawa. Mu muna cin maki idan muka wuce da ƙwallo ta ɗaya daga ƙofofi uku na robobi a ƙarshen filin, su kuma idan sun ƙwace suna da daƙiƙa goma su buga raga. Zagaye huɗu, minti huɗu-huɗu, hutun minti biyu a tsakani, a cikin hutun ake magana.

Girman filin lissafi ne. Mita 50 sau 60 murabba'i 3,000 ne, a raba wa mutum 14, kowa ya samu kusan 215. Rondo na biyar da biyu, wato atisayen da mutum biyar ke zagaye suna miƙa wa juna ƙwallo, biyu a tsakiya suna neman ƙwace ta, a akwatin mita 10 kuwa kowa murabba'i 14 yake samu. Rondo yana da amfaninsa wajen saurin ƙafa, amma a cikinsa babu wanda ke zuwa daga bayanka, babu gaba babu baya, don haka ba zai koya wa lamba shida waiwaye ba. Idan filin ya yi ƙanƙanta, ƙwallo takan ɓace kafin ta kai gare shi, yanayin da kake nema ba zai bayyana ba. Idan ya yi girma, masu matsi ba sa isowa, kowa ya yi kyau, a tashi ana tafi ba a koyi komai ba. Ma'aunina shi ne yanayin ya bayyana aƙalla sau biyar a kowane zagaye, kuma masu fitowa su yi nasara a kusan rabi zuwa biyu bisa uku na ƙoƙarinsu. In ya kauce wa haka, ina ƙara ko rage mita biyar a faɗi, ko in ƙara mutum ɗaya a ɓangare guda.

Dokokin da koci ke ƙirƙira su ma suna ɓata atisaye. "Taɓawa biyu kawai" tana hana ɗan baya tafiya da ƙwallo cikin fili a buɗe, abin da kake roƙonsa ya yi ranar wasa. "Sai an yi fasin goma kafin a ci" tana koya wa yara su ga ƙofa a buɗe su juya baya. Kafin in sa kowace doka nakan tambayi kaina ko tana tilasta abin da zai zama kuskure a wasan gaske. Dokokin wasan na ainihi kuwa ba a sassauta su. A sa satar gida. A fara daga gola yadda doka take tun 2019, wato 'yan baya suna iya karɓa a cikin yadi na 18 yayin da abokan hamayya ke waje, domin wannan canjin shi ya sauya yadda ake fitowa daga baya da yadda ake matsi a ko'ina.

Nauyin atisayen ma ana auna shi. Minti 30 bayan an tashi, kowane ɗan wasa ya faɗi wahalar da ya ji daga 0 zuwa 10, shi kaɗai, ba a gaban abokai ba, don kada mazantaka ta shiga lissafi. A ninka da mintunan atisayen: minti 75 a mataki na 6 ya ba da 450. Jimlar mako ita ake bi, kuma tsalle mai girma daga mako zuwa mako shi ake gudu. Kwana biyun farko bayan wasa na farfaɗowa ne, aiki mai nauyi a tsakiyar mako, ranar jajiberi kuma gajere da bugun kwana da firikik.

Akwai bidiyon da ya fi na wasa ɗaci, shi ne na koci kansa. Lokaci-lokaci nakan sa a ɗauki atisayen gaba ɗaya, waya ta biyu a aljihun rigata tana naɗar murya. Abu uku nake ƙirgawa. Na farko, minti nawa ƙwallo ta yi tana yawo cikin lokacin atisayen. Abin da nake nema shi ne biyu bisa uku zuwa sama, kuma masu cinye lokacin sanannu ne: jera robobi bayan yara sun iso, neman ƙwallayen da suka fita, layi mai tsawo, da jawabi. Na biyu, tsawon kowace tsayarwa, wadda bai kamata ta wuce daƙiƙa 30 ba. Na uku, irin maganar: umarni nawa, tambaya nawa, tsawa nawa, kuma cikinsu nawa ne ke ɗauke da bayanin da ɗan wasa zai iya aiki da shi. "Ku tashi!" da "ku dage!" ba su gaya wa kowa inda zai tsaya ba. "Waiga kafin ta bar ƙafarsa" ta gaya masa. Nakan kuma lissafa sunayen da na kira, domin murya takan taru a kan mutum uku ko huɗu, sauran su zo su tafi ba a ce musu uffan ba.

Ko gyaran ya kama, ba a sani a wasa ɗaya. Ina bin ma'auni guda, da ma'ana guda, na tsawon wasa biyar ko shida, ina rubuta a gefe ko abokan hamayyar sun matsa mana a sama ko sun koma baya sun jira. Ƙungiyar da ba ta matsa ba ba ta gwada lamba shida ba, don haka kyawun lambarsa a wannan ranar ba shaida ba ce.

Abin da 'yan wasa ke gani daga duk wannan aiki kaɗan ne: gutsuren bidiyo uku zuwa biyar, kowanne daƙiƙa 15 zuwa 20, zama ɗaya da bai wuce minti 15 ba, kuma dole a samu gutsuren da aka yi abin daidai. Ina tsayar da hoto kafin ƙwallon ta iso ga ɗan wasan, in tambaye shi me ya gani a lokacin, ba me ya kamata ya yi ba. Kyamara daga tudu take kallo, shi kuwa daga ƙasa yake gani, da jikin mutane a gabansa, kuma kyamara ba ta jin wanda ya kira shi ko wanda ya yi shiru. Idan ya ce bai ga mai matsin ba, aikin na waiwaye ne da tsayuwar jiki. Idan ya ce ya gan shi amma ya ɗauka zai riga shi, aikin na lokaci ne, sai a nuna masa hoto 15 ɗin da suka raba su. Idan ya ce ya ji an ce masa "juya", to zancen ya koma kan wanda ya kira, kuma amsar tasa tana shiga littafin a ƙarƙashin layin minti 63, a matsayin shafi na ƙarshe na takardar wannan wasan.